Bello da ya ɗinke wuyan riga

Jiya wani Alhaji daga Wamakko ya faɗo shagonmu na ɗinki a Ƙofar Taramniya, ido jajir. Ɗaurin auren ɗiyarsa jibi, babbar rigarsa kuwa ko yankawa ba mu yi ba. Ni dai na sunkuyar da kai kamar mai neman allura.

Sai Bello ya tare shi.

Bellon nan abokin aikinmu ne, kuma wallahi bai iya ɗinki ba. Garin surutu ya taɓa ɗinke wuyan riga ruf, babu inda kai zai shiga. Muka taru muka roƙi maigidanmu, Malam Sani, ya sallame shi. Sai kawai ya ɗauke shi daga kan keke, ya ajiye masa kujera a bakin ƙofa, ya ce tarbar mutane ne aikinsa.

To, kafin mu ankara, Bello ya gano kakarsa da ta Alhaji 'yan unguwa ɗaya ne. Ya ba shi haƙuri, ya gaya masa gaskiya rigar sai gobe da la'asar. Alhaji ya fita yana dariya, har ya dawo da wata shaddar.

Na ce, "Maigida, mi ka gani ga Bello?"

Ya ce, "Ku kun ga telan da bai iya ɗinki ba. Ni kau na ga duk wanda ya zamna kusa da shi ba ya son tashi. Maza yanka rigar ga, bakin Bello ba ya ɗinki."

Ku fa, a wajen aikinku akwai wanda ake yi wa kallon marar amfani, alhali gurbinsa ne ba a gano ba?