Allurar Motar Andrawus

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara a Mubi shekarun nan, da wuya bai san garejin Andrawus ba, can bakin hanyar fita gari, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya. Kafin ka ga mutumin ma kunnenka zai fara isa wurin. Wata doguwar waya ya ɗaura daga reshen tsamiyar zuwa bakin rumfa, ya jera mata 'yan ƙarafa masu kama da murfin buta, sun fi ɗari uku, in iska ta kaɗa sai su riƙa taɓa juna suna wani siririn kiɗa. Tamostat ake ce musu. Ɗan abu ne da ke zama a maƙogwaron inji, ya tare ruwa kada ya wuce lagireto sai injin ya ɗumama, sannan ya buɗe masa hanya. Duk motar da ta sauka daga Kwatano ta faɗo hannun Andrawus, aikinsa na farko ke nan: ya kwance, ya zare ƙarfen, ya haɗa fanka kai tsaye da makulli, ya rataye abin a waya.

"Wannan na ƙasar ƙanƙara ne," in ji shi, yana goge hannu da tsumma. "Mu nan rana ce take dafa mu, me za mu yi da abin riƙe zafi?" Haka ubangidansa ya koya masa, haka makanikan unguwar suke yi, ba wanda ya taɓa cewa don me.

Daga duwatsun Michika ya sauko yana saurayi, a bayan motar gyaɗa, bai iya Hausa ba sai gaisuwa. Mutum ne mai yawan tafiya a tunani. Sai ya kwanta ƙarƙashin mota da sufana a hannu ya yi shiru, idonsa na kan waya, yana tunanin garuruwan da ƙarafan nan suka fito, inda aka ce hanya takan yi fari fat, mutane suna hura hannu suna shiga mota su tarar da ɗumi kamar ɗakin mai jego. Bai taɓa wuce Yola ba, amma a kwance a wurin ya sha zuwa can ya dawo.

Matarsa Dorathy 'yar ƙauyensu ce, ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta coci. Murya gare ta, kai, in ta ɗaga har mai sayar da rake a waje yakan tsaya. Ba ta yar da komai, tsohon maɓalli, zare, murfin kwalba, duk suna da mazauni a ɗakinta. Ranar da Andrawus ya sayi tasa motar, wata Karina mai ruwan toka, a tsakar gida ya buɗe ta ya zare mata ƙarfen. Dorathy tana tankaɗe ta ɗago kai.

"Baban Eva, wanda ya ƙera motan nan wawa ne da ya sa shi?"

"Ke dai yi tankaɗenki," ya ce, yana dariya, ya wurga abin gindin bango.

Shekara goma sha tara ke nan. Motar ta kai 'yarsu Eva makarantar jinya, ta ɗauko masara daga Mayo Bani ba iyaka, ita ta fitar da su shekarar da rikici ya watsa gari, ita kuma ta dawo da su. Allurar da ke nuna zafin injinta kullum tana kwance a ƙasa, shi kuwa Andrawus da ita yake taƙama. Ya ce motarsa ba ta san fushi ba.

To, bana ciwon ƙirji ya kwantar da Dorathy. Numfashi ya zama aiki, waƙa ta tsaya. Sanyi kaɗan in ya taɓa ta sai tari ya turnuƙe ta har idonta ya yi ja, ƙafafunta kuwa kullum kamar an tsamo su daga randa. Abu ɗaya ta roƙa, a kai ta ƙauye ranar Kirsimeti ta zauna a cocin da aka ɗaura musu aure, ta ji matan suna waƙa ko da ita ba za ta iya ba. Ba ta ce shi ne Kirsimetinta na ƙarshe ba. Kowa a gidan ya ji abin da ba ta faɗa ba.

Eva, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta gindaya sharaɗi. Kwana a kan dutse bai taso ba, sanyin can ya fi ƙarfin Mama. Sai dai a fita da sassafe a dawo da yamma, kuma motar ta kasance da ɗumi tun daga ƙofar gida. "In ba haka ba, Baba, ba inda za ta."

Andrawus ya ce wannan ai ba komai ba ne, mota tana da hita, shi dai bai taɓa kunna ta ba. Saura kwana huɗu suka yi gwaji da hantsi bai fito ba, sanyin Disamba yana cizon kunne. Ya murɗa hita har ƙarshe. Iska ta fito, amma iskar bakin kogi ce mai sanyi. Suka yi tafiyar minti ashirin allura ba ta ko motsa ba, Dorathy ta dunƙule cikin bargo tana tari. Eva ta ce a juya. Aka juya gida.

Ranar bai karɓi aikin kowa ba. Ya buɗe bonet ya fara bi ɗaya bayan ɗaya, yadda zai yi wa motar baƙo. Ruwa cike yake a lagireto. Tiyo biyu da ke shiga hita suna nan, ba wanda ya toshe su. Ya ce ko allurar ce ta mutu take masa ƙarya, sai ya bar injin yana aiki ya ɗora tafin hannu a kansa. Da ƙyar ya kai ɗumin shayin da aka manta. Washegari da safe ya sake tayar da shi daga sanyi, ya riƙe babban tiyon sama mai zuwa lagireto. A motar da take daidai tiyon nan sanyi yake zama na ɗan lokaci, sannan zafi ya zo masa gaba ɗaya. Nasa kuwa tun daga minti na farko ya fara ɗumi sama-sama, ya tsaya a nan, ga fanka tana ta hura shi ba hutawa. Ruwan yana zagayawa ba mai tare shi, zafin da injin ya tara duk lagireto yake zubar wa iska.

Ya tsaya riƙe da tiyon. Ya san amsar tun jiya, kunya ce ta sa shi zagaye-zagaye. Shekara arba'in yana cire abu ɗaya da hannunsa yana yi wa masu mota bayani, ashe ƙafafun matarsa yake cire wa ɗumi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya sauke wayar daga tsamiya. Ya zaɓo duk masu girman na Karina, wajen ashirin, ya kawo gida ya ɗora tukunya a murhu. Haka ake gwada su, a jefa cikin ruwa, in ya kusa tafasa mai rai zai buɗe baki. Ina! Shekaru a rana da ruwan sama sun gama da su. Tsatsa ta cinye wasu, wasu sun sandare a buɗe, wasu ruwa ya tafasa har ya ƙone suna nan gum. Ya zaga shagunan kayan mota, masu shago suna masa dariya. "Oga Andrawus, kai da kake cirewa yau kai ke nema? Wa yake ajiye wannan a Mubi?" Wani ya ce zai sa a kawo daga Kano, amma sai bayan sabuwar shekara.

Jajiberin Kirsimeti da la'asar yana zaune bakin murhu yana kallon tururi, yana tunanin ko ya toshe gaban lagireto da kwali ya yi addu'a, sai ya ji muryarta daga ɗaki.

"Baban Eva, me kake ta dafawa a tukunyata kwana biyu?"

Ya shiga ya zauna bakin gado ya faɗa mata duka, bai rage komai ba. Ta saurara idonta a rufe. Can ta nuna ƙarƙashin gado da yatsa.

"Jawo mini gwangwanin madaran nan, babban."

Maɓallai ne a ciki, da zare, da tsohon katin awo na Eva. A ƙasa can akwai wani ƙulli cikin ƙyallen atamfa. Ya kwance. Ƙarfen ne, fes, ko ɗigon tsatsa babu.

"Ranar da ka wurgar na tsince," ta ce. "Na ce wata rana motar za ta nemi abinta."

Ya ɗaure shi da zare ya zura a tukunya. Ruwa ya fara 'yan ƙwayaye a gindi, tururi ya taso. Andrawus ya sunkuya har gumi na ɗiga daga hancinsa. Sai ga shi a hankali, a hankali, ƙarfen ya buɗe baki kamar jariri mai hamma. Ya tsamo shi, da ya huce sai bakin ya rufe. Kafin magariba ya mayar da shi mazauninsa, ya raba fanka da makulli ya maida mata wayarta ta asali.

Da gari ya waye suka fita, Dorathy a gaba cikin bargo biyu da safa, Eva a baya da jakar magani. Gari shiru sai masu shara da masu zuwa coci. Idon Andrawus ɗaya a hanya, ɗaya a allura. Suka wuce tsamiyar, ba waya, ba kiɗa. Allura tana kwance. Ya ci gaba da tuƙi. Suna barin gidajen ƙarshe sai allurar ta ɗaga kai kaɗan, ta ƙara, ta hau har tsakiya ta tsaya cak, inda bai taɓa ganinta ba shekara goma sha tara. Ya miƙa hannu ya murɗa hita zuwa ƙafa.

Duwatsu suka fara bayyana can gaba, shuɗi-shuɗi, rana tana taɓa kawunansu. Ba tari. Dorathy ta ture bargo ɗaya, ta sunkuya ta zare safa, ta miƙe yatsun ƙafarta cikin iskar. Bayan Mararraba ya ji wani sauti ƙasa-ƙasa, ya ɗauka injin ne, ya kasa kunne irin na makanike. Ita ce take waƙa a maƙogwaro, baki rufe. Eva ta juya fuska wajen taga.

Sun yi nisa a haka kafin ta taɓa gwiwarsa.

"Baban Eva," ta ce, "rage shi kaɗan. Zafi ya yi mini yawa."

Ya kai hannu zai rage, amma bai ga maɓallin ba, sai da ya goge ido da bayan hannu.