Ranar da Yaya bai zaga fili ba

Yayana yana da hawan jini, kowa a gidanmu ya san da haka. Likita bai hana shi buga tanis ba, amma ya kafa masa sharaɗi: kada ya ɗauki raket sai ya ɗumama jikinsa. Ya fara da tafiya, ya koma sassarfa, har sai gumi ya tsatso masa. Ya ce masa zuciya irin tasa ba ta son a tashe ta firgigit.

Yaya ya riƙe wannan magana. Kullum bayan la'asar, in mun isa filin, ni da sauran abokan wasa mukan shiga mu hau bugu kawai. Wasu ma cewa suke ruku'u da sujadar da muka yi yanzu sun isa warware gaɓɓai. Shi kuwa sai ya zaga filin ya sake zagawa, ya dafa ƙarfen raga ya miƙe ƙafafu, ya duƙa ya taɓa yatsunsa, ya yi ta juya kafaɗu.

"Malam, wasa ka zo ko awon fili?" in ji wani abokinsa.

"Ku dai buga abinku. In na gama sai ku zo ku sha kashi."

Kuma kashin muke sha. Mu da muka fara da zafi, kafin a yi nisa mun soma haki, ƙwallo na wuce mu muna kallo. Shi a lokacin ne hannunsa ke zama daidai.

Da aka kafa shari'a, sai aka rufe ɗakin da ake sayar da giya a gefen filin, mai shayi ya gaje wurin. Dattawan Daura da a da ba sa son a ga ƙafarsu a nan suka fara zuwa. Cikinsu har da surukin Yaya, mahaifin matarsa da muke kira Baba, tsohon ma'aikaci da ya iya wasan tun yana saurayi. Yaya ba ya ko cin abinci a gabansa. Saboda haka duk ranar da ya ji Baba zai zo, sai ya zauna a gida.

Rannan ba mu ji zai zo ba. Yaya ya ɗauko ni a babur daga Sandamu, inda muke aiki, muka yi salla, muka shiga. Sai ga Baba tsaye a tsakiyar fili da raket, abokin wasansa bai zo ba. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi.

"Tashi, tashi," in ji Baba, yana dariya. "An ce kai ne dodon wurin nan. Zo in gani da idona."

Na dubi Yaya. Na san abin da ke ransa. Ba zai bar surukinsa a tsaye yana jira ba, shi yana zagaye. Ba kuma zai duƙa ya ɗaga ƙugu sama a gaban mutumin da ya ba shi 'ya ba. Na matsa kusa na ce, "Yaya, ba ka zaga ba."

"Bari kawai," ya ce a hankali. "A sannu zan bi shi."

Amma Baba bai zo da sannu ba. Ya sakar masa wata gajeriyar ƙwallo dab da raga, Yaya ya zabura da gudu ya tare ta. Ya sake jefa masa wata can baya, Yaya ya koma ya dawo da ita. Mutane suka yi tafi. Yaya ya tsaya, ya dubi raket ɗin hannunsa kamar bai san ko mene ne ba. Ya ajiye shi a ƙasa a hankali, sannan ya zauna, sannan ya kwanta.

Na ɗauka gajiya ce. Wallahi har na buɗe baki zan tsokane shi. Ina tsaye ina kallo aka yayyafa masa ruwa a fuska, aka cire masa takalma, aka sa shi a motar Baba. Ni na riƙe kansa a cinyata. Rigarsa a bushe take, ko ɗigon gumi babu. Kafin mu kai asibiti ya cika.

Na tambayi likita ko zagayen da bai yi ba ne. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, kwana ne ya ƙare. Na yarda da haka.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, Baba ya kira ni gefe. Ya rame a 'yan kwanakin nan.

"Ɗana, abokansa sun ce kullum sai ya zaga fili kafin ya fara. Me ya hana shi rannan?"

Na sunkuyar da kai. Ban iya yi masa ƙarya ba, ban kuma iya faɗa masa ba. Ya daɗe yana kallona. Can na ji ya ja salati a hankali, ya nemi bango ya dafa.

"Kada ka gaya wa 'yata," ya ce. "Ni zan gaya mata."