Rabin Luguden Kaka

Kwanaki ina share ɗaki na ci karo da wata tsohuwar rikoda, na danna ta, ta yi ƙas. Wallahi sai na gan ni a tsakar gidanmu na Talata Mafara, ina yarinya, shekarun da ruwan dam ɗin Bakolori ya tashi ƙauyuka.

Kakata, uwar babana, 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Maradun. Da ruwa ya ci ƙauyen, mutanensa suka watsu, ƙanwarta guda da ta rage mata a duniya ta ɓace mata. Babana ya yi cigiya a kasuwanni har ya gaji, amma maza ya tambaya, su kuwa maza labarin maza suka sani. Rediyo kullum zancen dam yake, bai taɓa faɗin inda tsofaffin mata suka nufa ba. Kaka ta rame, tuwo ma sai an yi da gaske take taɓawa.

Ana cikin haka, da kaka bayan an yanke gero, wata malama ta zo daga jami'a da rikoda a jaka, tana bin gidaje tana binciken yadda mata ke samun labari. Babana ya zaunar da ita a zaure, ya amsa mata komai a madadin matan gidan. Ta saurara, ta yi godiya, sannan ta roƙi arzikin shiga ciki. Ya yarda, amma da sharaɗi: muryar matan gidansa ba za ta fita waje cikin ƙarfe ba. Ba mugunta ba ce, Allah ya jiƙansa, haka aka tashe shi.

Malamar ta ajiye rikodar, ta zauna a tabarma tana taya Innata tsince shinkafa. Da Kaka ta ji cewa gida-gida take shiga, har ƙuryar ɗaki, daga Bakura zuwa Janbako, sai ta matso kusa da ita. Ta ce,

"Ɗiyata, murya ce aka hana. Taɓarya fa?"

Ku da kuka tashi zamanin inji ba ku san lugude ba. Mata biyu ne a turmi guda, wannan ta buga, waccan ta buga, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe. Kowane gida da salonsa. Kaka da ƙanwarta suna da nasu, wanda uwarsu ta koya musu. Aka jawo turmi aka zuba gero, tsohuwa mai ciwon baya ta miƙe ta yi nata bugun kaɗai, tana barin gurbin na ƙanwarta. Abin ba daɗin ji, kamar tafiyar mai ɗingishi. Malamar ta ɗauki bugun a rikoda, Kaka ta ce a kunna wa matan kowane gida, mai shi za ta gane kayanta. Babana da ya ji sai ya yi dariya, ya ce wannan kam ba shi da ta cewa.

Sanyi ya shigo ya fita, shiru. Ni har na fara jin haushin malamar, ina cewa ta manta da mu. Sai ga ta wata ranar Talata, ƙafafunta duk ƙura. Ko ruwa ba ta sha ba ta kunna. Muka ji bugun Kaka, muka ji wani bugun yana faɗawa cikin kowane gurbi. A wani sabon zama kusa da Bakura, in ji ta, wata tsohuwa ta ji, ta tashi ta ɗauko taɓarya. Sai aka aro rikodar maƙwabta aka ɗauki duka biyun.

Kaka ta saurara har ƙarshe, hawaye na zuba, ta ce,

"Ita ce. Har yau hannunta bai bar gaggawa ba."

Ranar kasuwa ta gaba babana ya sa ta a mota ya kai ta. Damina biyu suka ƙara samu tare.

Yau ni ke koyar da aikin jarida, kuma duk ɗalibin da zai fita bincike nakan ce masa kada ya tsaya a zaure. Yanzu kowace mace da wayarta, saƙon murya na zuwa Makka kafin ruwa ya tafasa, alhamdu lillahi. Ita malamar ban san inda take ba, ban ma san ko abin da ta yi mana ya shiga takardunta ba. Amma duk sallar da na yi wa Kaka addu'a, da ita nake haɗawa.