Mutumin da Mashaya ta Binne

Shekara tara na yi ina wanke kofuna a wata mashaya a tsakiyar Alkahira. Ban taɓa sha ba. Aiki ne na samu bayan na fito daga Libiya da rigar jikina kawai, na kama.

Wurin ba shi da allo a ƙofa. An shafe tagoginsa da fenti don kada mai wucewa ya ga na ciki. Mai gidan, wato mai mashayar, ya ce kakansa ne ya saye shi a hannun wani Bagirke, lokacin da Turawa suke tattara kayansu. Ya ce da can irinta sun fi goma a layin, lauyoyi da 'yan jarida suna zama har bakin titi. Yanzu saura tamu. Masu zuwa duk sun manyanta: direban tasi, wani tsohon ma'aikacin gwamnati, wani Kirista mai gyaran agogo. A ajiye wa mutum kwalba da ɗan farantin tirmis, waken nan da ake jiƙawa da gishiri, ya zauna har magariba. Ba a tambayar kowa daga ina yake. Amma in bai zo ba, ana sani.

Bahaushe ɗaya ne a cikinsu. Karatun addini ya kawo shi tun yana saurayi. Bai gama ba, bai koma gida ba. Shehi suke ce masa, don yana gyara musu Larabci.

Mai agogo yakan ɗaga kwalba ya ce, "Ya Shehi, wannan halal ce?"

Shi kuma ya ce, "Kai sha abinka. Ni za a tambaya a lahira."

Da ni kaɗai yake Hausa. "Ɗan'uwa, ya aiki?" In ce, "Da godiya, Baba." Shekara tara ba mu wuce haka da yawa ba.

Sai Shehi ya yi kwana uku bai zo ba. Mai gidan ya ce in ajiye wanki in je in duba. Direban ya san benen da Shehi yake haya a unguwar Ainu Shams, ya kai ni. Mai gadi ya ce ai tun shekaranjiya aka fitar da shi. Yana ɗakin ajiye gawa a asibiti, ba wanda ya zo.

Na dawo na faɗa musu. Ba wanda ya yi kuka. Tsohon ma'aikacin ya ce takardu nasa ne, ya san ofisoshin. Mai gidan ya ce likkafani da kabari a bar masa. Saura wanka da salla. Aka kalli juna. Direban ya ce, "Mu da wannan hannun mai riƙe kwalba? Je ka nemo mutanenku."

Rabona da zama cikin Hausawa tun da na fara wannan aiki. Na je Hayyin Ashir, unguwar da ɗalibai Hausawa suke zama, bayan la'asar, na tarar da ɗalibai a ƙofar wani shago suna shan shayi. Na yi sallama, na ce wani Bahaushe ya rasu, ba shi da kowa. Suka yi salati. Babbansu ya ce, "Malam, ɗan ina ne?"

Na ce ban sani ba.

"To a ina ka san shi?"

Na faɗi gaskiya, ban rage ba. Wani ya ajiye kofinsa ya ce yana da darasi, ya tafi. Wani ya ce ya kamata a fara tambayar malamai. Ni dai ina tsaye. Ban ji kunya ba, ban ji haushi ba. Ƙafata ce take ciwo.

Babban ya dube ni. Sannan ya ce, "Yana salla?"

Na ce, "Ban taɓa gani ba. Amma in aka kira salla yakan rufe kwalbar da hularsa."

Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Gobe da hantsi."

Su huɗu suka zo. Su suka yi masa wanka, ni ina miƙa ruwa. A masallacin kusa da asibitin limamin bai tambayi komai ba sai ko namiji ne ko mace. Sahu ɗaya muka yi da ɗan ƙari: ɗaliban, ni, mai gidan, direban, tsohon ma'aikacin, da wasu masu wucewa. Mai agogo ya tsaya a waje. Da aka fito da makara ya sa kafaɗarsa, ba wanda ya hana shi.

An gama rufe kabari wajen azahar. Babban ɗaliban ya karkaɗe hannunsa, ya matso kusa da ni.

"Malam, wa za a yi wa gaisuwa?"

Na duba. Ni ban san ko sunan garinsa ba. Na nuna mai gidan. Suka bi layi ɗaya bayan ɗaya, suka kama hannunsa, suka ce Allah ya ba shi haƙuri. Shi kuma ya amsa.