Wasiƙun Yaya Bilkisu Ba Su da Ado

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Yaya Bilkisu. Amma asarar da nake son yin magana a kanta ta fara ne da ƙarfe goma da minti ashirin na wata safiyar Talata, kwana uku bayan sadakar arba'in ɗinta. Ina zaune a ɗakin Inna a Dagumawa ta Wudil ina tsince wake, wayata ta yi ƙara. Imel ne, da sunan Yaya a kansa.

Yaya ce ta buɗe mini imel lokacin rajistar jarrabawa. Aikin kula da kwamfutoci take yi a Kaduna, ni kuma ban iya hira a waya ba, sai in yi ta “to, to” har kati ya ƙare. Shi ya sa ta koma rubuto mini wasiƙa duk Juma'a. Zallar rubutu ne, baƙi a kan fari. Ba hoto, ba fure, ko harafi ɗaya ba ta ƙawatawa. Idan za ta tura ni wani shafin intanet, sai ta rubuta adireshinsa dogo, kowane harafi a fili.

Na taɓa yi mata ƙorafi da ta zo hutun sallah. Na ce, “Yaya, wasiƙarki kamar takardar magani.”

Ta yi dariya ta ce, “Auta sarkin son kwalliya. Wasiƙa mai ado, wadda ake kira HTML, ɗan shafin intanet ce aka aiko miki. Maɓalli zai ce miki nan za ki je, ya kai ki can. Wani hoton ma ido ba ya ganinsa, aikinsa kawai ya gaya wa mai aikowa kin buɗe. Tawa ba ta da aljihun ɓoye komai.”

Ta kuma ce zallar rubutu ba laya ba ce. Maƙaryaci na iya rubuta ƙaryarsa da ita, sai dai dole ya ajiye adireshinsa inda za ki karanta. Na ji, amma a raina na ɗauka rowa ce. Ƙawayena ana turo musu hotuna, ni ko hoton ɗakinta ban taɓa gani ba.

Wasiƙar ranar Talatar nan tana da furanni shuɗaye da koren maɓalli: “Duba hotunana.” Na san ba hannunta ba ne. Na san wani ne ya shiga akwatin imel ɗinta da babu mai kula da shi. Duk da haka na danna, aka nemi kalmar sirrina, na rubuta. Kafin azahar an ƙwace akwatina, an kulle ni waje. Duk wasiƙunta suna ciki, kuma lambar da za a dawo da akwatin da ita tata ce, layin ya mutu. Abin da ya rage mini uku ne, waɗanda na taɓa kwafa da biro a bayan littafin lissafi. Da masu ado ne, ban san me zan kwafa ba.

Yau ina ajin ƙarshe a jami'a, ina haya a Sabon Gari. Kusan duk imel da ke shigo mini yana da tambari da maɓalli, na gaskiya da na ƙarya kamarsu ɗaya. Ina tunanin da Yaya tana raye za ta girgiza kai, ta ce an koya wa mutane yarda da kaya maimakon karanta adireshi. Na hana hotuna buɗewa a akwatina, ina rubutu irin nata. Abin yana da tsada. Gayyatar bikin wata 'yar ajinmu ta zo mini a matsayin fanko, ban je ba, har yau tana gaishe ni sama-sama. Wani malami ya ƙi buɗe wasiƙata, ya ce ba ta yi kama da ta hukuma ba.

Ban taɓa gaya wa kowa abin da na yi ba, sai bana da Anti Rabi, abokiyar aikin Yaya, ta tsaya a Wudil ta gaishe da Inna. Na raka ta bakin gada neman mota, na tambaye ta ko Yaya ta taɓa faɗin dalilin da ya sa ko hoto ɗaya ba ta turo mini ba.

Ta ce, “Ta faɗa mana. Cewa ta yi Auta mai saurin yarda ce. Tana so ki saba da ita haka, duk ranar da aka zo miki da ado da sunanta, ki san ba ita ba ce.”

Na sunkuyar da kai na ce, “Anti, an zo. Na gane ba ita ba ce, kuma na danna.”

Ta kama hannuna.

“To ai darasinta ya shiga, tunda kin gane. Kewa ce ta danna, Auta. Ita kuwa kewa, Yayarki ma ba ta samo mata tsari ba.”