Baƙin Lallen Bankwana

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da ƙaiƙayin da ya fara cin tafin hannuna muna tsaye a saman hasumiyar Gobarau ba. Na sosa, na sake sosawa, sai na ji zoben yatsana ya matse ni. Na ɓoye wa ƙawata hannun don kada in ɓata mana ranar.

Daminar da muka gama sakandare ce. Ni da ƙawata, 'yar mutanen Filato da ke haya a layinmu na Ƙofar 'Yandaka, tun firamare benci ɗaya muke zama. Babanta ya yi ritaya, sun sa ranar komawa gida, ni kuma ina jiran shiga makarantar horar da malamai. Sai ta ce, "A Katsina aka haife ni, amma ban san Katsina ba. Kunya ce in je gida a tambaye ni in rasa ta cewa." Shi ke nan muka bazama. Yau muna gidan tarihi, gobe muna bin ƙofofin gari muna ɗaukar hoto, jibi mun tafi Batagarawa gonar kawuna cin gasasshiyar masara, ruwa ya kama mu a hanya muka dawo sharkaf muna dariya. Inna, mahaifiyata, har cewa take, "Ku dai ƙafarku ba ta san gida ba." Gobarau muka bari ta ƙarshe.

Ana gobe za mu hau, ƙawata ta ce sai mun yi lallen bankwana. Ta fi ni iya zane nesa ba kusa ba, a wurin matan layinmu ta koya. Don ya yi baƙi ya daɗe, muka zuba hodar rinin gashi a ciki kamar yadda muka ga ana yi. Fure iri ɗaya ta zana mana.

"Kafin ya goge kin kawo mani ziyara," in ji ta.

Na ce, "Da wannan sanyin naku? Sai dai ki aiko mani da dankali."

Kafin mu sauko daga hasumiyar, furannin sun tashi sun yi bororo. Kafin la'asar hannuna kamar an hura shi, leɓɓana sun kumbura, da ƙyar idona ke buɗewa. Baba ya yi tafiya, don haka gidan yana hannun Goggo, yayarsa. Da ta ji inda muka je sai ta tafa hannu.

"Da tsakar rana? Da sabon lalle a hannu? Tsohon wuri irin wannan ai yana da masu shi!"

Ta sa aka kawo garwashi, ta zuba hayaƙin korar iska, aka lulluɓe ni da zane. Duk shaƙar da na yi sai in ji maƙogwarona yana ƙara tsukewa. Ina so in ce a buɗe ni, muryar ta ƙi fita. Har yau in na ji warin hayaƙin nan a gidan mutane, sai na fita waje.

Ana cikin haka ƙawata ta yi sallama. Ina jin su daga cikin zanen.

"Goggo, wallahi rinin nan ne. A kai ta asibiti."

"Miƙo hannunki in gani." Sai Goggo ta ɗaga murya. "To ke mi ya hana shi cin naki? Kwano ɗaya, zane ɗaya, ke lafiya lau, tamu tana mutuwa? Mi kika sa mata? Don za ku tafi shi ne za ki bar mana gawa?"

"Goggo, ni?"

"Ni ba goggonki ba ce. Fita!"

Yarinyar da ta ci tuwon gidan nan tun ba ta iya wanke hannu ba. Inna na tsaye, amma a gaban yayar miji ba ta iya hanawa ba. Ni kuma ina ji, ba bakin kare ta.

Ashe ba gida ta nufa ba. Da gudu ta je shagon ɗinkin yayana a bakin kasuwa. Shi ya zo da Napep, ya yaye zanen, ya sungume ni Goggo tana ta faɗa. Abin da kawai nake tunawa a hanya shi ne muryarsa: "Ki yi numfashi, ƙanwata, don Allah ki yi numfashi."

Ban san kwana nawa na yi da roba a hanci ba. Wata rana da hantsi likita ta leƙa maƙogwarona, ta yi murmushi. "Kin tsallake, 'yammata. Rinin ne jikinki ba ya so. Wani jikin ko a jikinsa, wani kuwa yana iya kai shi lahira. Da an ƙara jinkiri, da yanzu wani zancen ake."

Goggo da ke gefe da carbi ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da jan carbinta. Na juya ga Yaya na ce, "Ƙawata tana ina?"

Ya sunkuyar da kai. "Motar kayansu ta tashi da safen nan. Kullum tana zuwa bakin ƙofar asibiti ta tambaye ni jikinki, amma ta ƙi shigowa."

Na dubi hannuna. Furenta na nan, ya zama gyambo, kuma tabonsa bai goge ba har yau. In na kira ta takan ɗauka, mu gaisa kamar baƙi, ba ta taɓa cewa in zo ba. A sa'ar da aka ce na tsira, kuka na yi, kowa ya ɗauka na murna ne. A nan na koyi cewa in tsoro ya shiga gida, wanda ake ganin bare ne ake fara nuna wa yatsa, ko da shi ne ya ruga neman ceto. Kumburi ya saɓe da allura, amma maganar da aka faɗa mata har yau ba wanda ya je ya janye ta.