Ƙungiyar da Ban Kafa Ba

Ina aji ɗaya na babbar sakandare a Faskari malaminmu na tattalin arziki ya fara yi mini maganar shirin. Mutumin Ƙanƙara ne, dogo, ba shi da yawan magana, kullum da tsohuwar jarida naɗe a aljihun kaftaninsa. Ranar yana raba mana takardun gwaji, da ya zo kan tawa sai ya riƙe, ya ce in same shi a ofishin malamai idan an tashi.

Na je ina tsammanin laifi na yi. Sai ya ce akwai wata jami'a da ke da shiri na musamman, inda ake haɗa karatun kasuwanci da na hulɗar ƙasa da ƙasa, kuma ɗalibi ya fito da wani harshen waje ban da Turanci. Mutum kaɗan suke ɗauka kowace shekara, wanda aka ɗauka kuwa ana ɗauke wa iyayensa nauyin karatun.

Na ce, "Malam, ai saura shekara uku in gama."

Ya ce, "Shi ya sa na kira ki yau. Da sanyin safiya ake kama fara."

Ya lissafa mini abin da suke dubawa. Sakamako mai kyau, wannan kowa ya sani. Sai Faransanci, ko da ɗan kaɗan ne. Sai sanin abin da duniya take ciki. Sai rubutu a kan rayuwata, da ganawa da kwamitinsu. Na ƙarshe ya maimaita shi sau biyu: wani aiki da na yi wa jama'ar garinmu da hannuna.

Babanmu hatsi yake sayarwa, ranar kasuwar Yankara ba ya yini a gida. Da na yi masa bayani bai gane rabin zancen ba, amma ya ce in dai karatu ne Allah shi taimaka, bayan sati biyu ya kawo mini tsohuwar waya mai shiga intanet. Malam ya ba ni wani littafin Faransanci da bangonsa ya cire. Na duƙufa. Bayan sallar asuba in haddace kalmomi, da yamma in saurari labaran duniya in rubuta abin da na gane a bayan littafin lissafi. Na shiga ƙungiyar muhawara ta makaranta. Na san sunan kuɗin ƙasashen da ban taɓa jin labarinsu ba. 'Yan ajinmu suka laƙaba mini jakadiya, ina nuna ba na so alhali daɗi nake ji. Maganar aikin jama'a kuwa kullum sai in ce da sauran lokaci.

Ina aji biyu Gwaggo ta dawo gidanmu. Yayar Babanmu ce, ta yi aure a wani ƙauye a ƙasar Sabuwa tun kafin a haife ni, mijinta ya rasu ta ci gaba da zama can da 'yan awakinta da gonarta. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyen, aka watse. Ta iso a bayan motar masara, da ƙunshin kaya ɗaya da tukunya. Aka sa mata katifa a ɗakina. Wasu matan ƙauyen nasu da ba su da dangi a gari suka sauka a wani kango bayan gidanmu, su da 'ya'yansu.

Gwaggo ba ta iya zaman banza ba. Ba ta yi kwana goma ba ta karɓi tiya biyu ta waken suya wurin Babanmu, ta jiƙa, ta kai inji aka markaɗa, ta yi awara ta kasa a ƙofar gida. Da ta ga ana saye sai ta zaga kangon ta kira matan. Ta raba su: masu tsince wake, masu zuwa inji, masu tata da dahuwa, masu suya. Ita ta je ta roƙi mai kangon ya bar su su kafa murhu. Ita ta samo masu kiwon da ke ɗaukar dusar waken. Kafin kaka sun kai su goma sha biyu, har masu shayi suna aikowa.

Ni kuwa in na dawo makaranta sai in bi ta ɗaya hanyar, don ba na son warin ruwan tsami ya kama mini hijabi. Wani lokaci Gwaggo ta hango ni ta ce, "Ɗiyata, zo kama mini buhun nan mu matse." In ce, "Gwaggo, karatu gare ni." Ba ta taɓa yin fushi ba. Sai ta ce, "Tahi abinki, karatu ya hi."

Muna aji uku aka buɗe neman shiga. Malam ya zaunar da ni muka bi takardar layi-layi. Komai yana nan har muka zo kan aikin jama'a. Ya ɗago ya dube ni.

"Mene ne kika yi a shekara biyun nan?"

Ba ni da komai. Ban shirya ƙarya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Muna da wata ƙungiya ta matan da suka yi gudun hijira, suna yin awara."

Fuskarsa ta washe, abin da ban saba gani ba. Ya ce, "Ke kika haɗa su?"

Na ce, "E, Malam."

Namiji ne, ba zai shiga cikin matan mutane ya bincika ba, kuma bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Ya ce wannan shi ne zai bambanta ni da 'ya'yan manyan birane, in gina rubutuna a kansa.

Na gina kuwa. Na rubuta yadda na ga mata zaune ba sana'a zuciyata ta karaya, yadda na raba musu aiki, yadda na shawo kan mai kango. Duk abin da Gwaggo ta yi na cire ta na sa kaina. Sau uku na shiga kangon, duka don ɗaukar hoto. Na ari zanen Gwaggo na ɗaura, na riƙe ludayi a bakin tukunya. Matan suna ta dariya suna murna, wai yau 'yar boko ta shigo cikinsu. Ɗaya ta gyara mini riƙon ludayin don hoton ya yi kyau.

Ana kuma buƙatar takardar shaida daga wata a cikin ƙungiyar. Na rubuta da Turanci, na kai shagon kwamfuta aka buga kwafi biyu. Na sami Gwaggo bayan la'asar tana wanke ƙyallen tata, na ce ta dangwala mini yatsa.

Ta goge hannu a zane ta ce, "Mi anka rubuta ciki?"

Na ce, "An ce ke ce shugabar ƙungiya, ni kuma ina taimaka muku."

Ta yi dariya. "Taimako dai da sauƙi. To, Allah shi yi albarka." Na shafa mata tawadar biro a babban yatsa, ta danna a inda na nuna. Abin da takardar ta ce shi ne, ita ɗaya ce daga cikin matan da na ceto daga zaman banza.

Na aika komai. Kwafin da ya rage na sa a cikin littafin Faransanci na manta da shi.

Gwaggo ce ta ɗauko shi, ba don zargi ba, don alfahari. Ta kai kangon ta nuna wa matan cewa ga sunanta zai je jami'a. A cikinsu akwai wata da ta yi sakandare kafin aurenta, ban taɓa sanin haka ba domin ban taɓa tambayar kowa komai ba. Suka ce ta karanta musu. Ta karanta, ta fassara, ba ta rage ko kalma ba.

Ranar Asabar ce da hantsi. Na fito tsakar gida na tarar da Gwaggo a kan tabarma da faifai a cinya tana tsince wake, takardar tana gefenta an ɗora mata dutse. Ina ganin takardar na gane ta.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Zauna."

Na zauna a ƙasa, ban hau tabarmar ba.

"An karanta mini takardarki. Ashe ke kinka tsamo mu."

Ta jefar da tsakuwa daga faifan ta ci gaba.

"Ni ba sunan ya dame ni ba. Mi zan yi da suna a wurin mutanen da ba su san ni ba? Da kin zo kin ce, Gwaggo, ina son in ce ni na yi don su ɗauke ni, wallahi da na dangwala miki yatsa goma. Amma kin dubi idona kin karanta mini abin da babu shi. Don ban iya karatu ba."

Na fara kuka. Ta bar ni na yi, tana ta tsintar wakenta. Na ce zan rubuta wa jami'ar in janye. Na faɗa ne kawai, ko a lokacin na san ba zan iya ba, ina jin ita ma ta sani.

Ta ce, "Ba ki janye komi. Shekara uku ƙanena yana hwaɗa wa mutane ɗiyarsa za ta jami'a. An ce za su yi miki tambayoyi ko?"

Na ce e, in na tsallake zagayen farko.

"To tunda kin ce ke kinka yi, sai ki zo ki san abin da kinka yi. Kada su kama ki ki jawo mana abin kunya."

Na tsallake zagayen farkon. Sati uku kafin ganawar, kullum bayan makaranta ina kango. Gwaggo ta koya mini tsawon lokacin da wake yake a ruwa, da yadda ake gane madarar ta isa a zuba ruwan tsami, da dalilin da ya sa awarar wani yini take yin taushi ta wargaje a mai. Ta gaya mini yadda ta raba rigimar mata biyu a kan layin inji, da abin da ta ce wa mai kango har ya yarda. Tana faɗa ina rubutawa. Matan ba su kore ni ba, ba su kuma zage ni ba. Sun dai daina ce mini ɗiyarmu. In na shigo sai wadda ta karanta takardar ta ce, "Ku gyara, ga shugaba nan." Babu mai dariya. Da sun yi dariyar da ya fi mini sauƙi.

An yi ganawar ta bidiyo, a ofishin shugaban makarantarmu, mutum uku a cikin allon kwamfuta. Sun yi mini tambaya biyu da Faransanci, na amsa da ƙyar. Sun tambaye ni kan cinikin hatsi tsakaninmu da Nijar, na yi abin da zan iya. Sauran lokacin duk a kan ƙungiyar ya tafi. Wata mata mai tabarau ta ce in ba ta labarin matsala mafi wuya da na warware. Na ba ta labarin layin inji, da kalmomin Gwaggo, na juya su Turanci kawai. Ta yi ta gyaɗa kai tana rubutu.

Bayan wata biyu saƙo ya zo, an ɗauke ni. Babanmu ya yanka kaji, maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Gwaggo ta rangaɗa guɗa tare da kowa. Ba ta taɓa gaya wa Babanmu ba, har yau kuma ban sani ba ko labarin ya kai masa ta wata hanya.

Kafin in tafi Malam ya ce in zo in yi wa 'yan aji ɗaya magana a kan shiri da wuri. Na tsaya gaban allo na yi bayanin Faransanci da labaran duniya da muhawara. Ina son in tsaya nan, sai wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce ita so take ta ji yadda na kafa ƙungiyar mata, don ita ma tana son ta yi irinta. Malam yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu yana murmushi.

Na ce, "Ba ni na kafa ba. Gwaggona ce. Ni hoto na je na ɗauka."

Wasu suka yi 'yar dariya, sun ɗauka tawali'u nake yi. Malam bai yi dariya ba. Ya sallami yaran, ya jira har suka fita duka.

Ya ce, "Gaskiya ne abin da kika faɗa?"

Na ce gaskiya ne, na ba shi labarin tun daga farko, har da takardar shaidar.

"Na rubuta wa jami'ar wasiƙa da hannuna," ya ce, "na ce na shaida. Akwai yarinyar da ke koya wa yaran unguwarsu karatu tun tana aji ɗaya, ita ma ta so in tura ta. Mutum ɗaya zan iya tsaya wa, na zaɓe ki."

Na san yarinyar, benci ɗaya ne tsakanina da ita. Ban san ta nema ba.

Na tambaye shi abin da zan yi. Ya ce shi ba zai rubuta wa jami'ar ba, ni ma ba zai ce in rubuta ko kada in rubuta ba, na girma. Ya ɗauki allinsa da rajista ya tafi aji na gaba.

Yanzu ina shekara ta uku a shirin. Na rubuta wasiƙar faɗa wa jami'ar gaskiya sau da yawa, ban aika ko ɗaya ba. Yarinyar da Malam bai tura ba tana kwalejin ilimi, mun haɗu sau ɗaya a tashar Faskari lokacin hutu, ta rungume ni ta ce tana alfahari da ni, ta tambaye ni yadda ake gaisuwa da Faransanci. Na gaya mata. Ta maimaita sau biyu tana dariya, sannan motarsu ta cika ta shiga.